Ruwan Wuta a Winnipeg

Kwanana huɗu a Winnipeg, babban birnin Manitoba ta Kanada, muka wayi gari sanyi yana hawowa ta tafin ƙafa. Watan Janairu ne, ma'aunin zafi a waje ya kusa digiri 30 ƙasa da sifili. Ni da kawuna muka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda injin ɗumama gida yake, sai ga shi a mace, ruwa kwance a gindinsa.

Na ce, "Kawu, famfo ne ya fashe?"

Ya ce, "A'a, ɗana, ruwan wutar ne."

Ban gane ba sai da mai gyara ya zo ya buɗe cikin injin. Iskar gas idan ta ƙone, tururi take fitarwa: kilo 1 na gas yana haifar da ruwa sama da kilo 2. Tsofaffin injuna kan kori tururin nan da zafinsa ta bututun hayaƙi, a yi asarar ɗumi. Sababbin kuwa tatse hayaƙin suke yi, su bi da shi ta wasu ƙananan bututu har ya huce, tururin ya koma ruwa kamar gumin da ke taruwa a murfin tukunya. Da haka suke cin moriyar kashi 90 cikin 100 na zafin gas ko fiye, kuma a ƙarshen 2009 dokar Kanada ta sa wannan ya zama mafi ƙarancin abin da sabon injin gas na gida zai kai a lokacin.

To, ruwan nan dole ya sami hanya. A tsakiyar sanyi litoci da dama ne a rana, ga shi da tsami mai cin ƙarfe, shi ya sa ake bi da shi ta bututun roba zuwa magudana. Wasu har tsakuwar farar ƙasa suke sa masa a hanya don ta kashe tsamin. Namu, datti ne ya toshe wani ɗan lanƙwasasshen bututu da bai fi kaurin yatsa ba. Ruwa ya koma ciki, injin ya ji iska ba ta wucewa, ya kashe kansa.

Wannan kashewar ta tsaya mini a rai. A garin da dare ɗaya babu ɗumi kan iya daskarar da bututun ruwan gida ya fashe, balle a yi zancen tsofaffi da jarirai, lafiyar iyali tana rataye da wannan ɗan bututu. Duk da haka na ga hikimar abin, domin hayaƙin gas idan ya dawo cikin gida yana iya kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Mai gyara ya cire bututun, ya wanke, ya mayar. Injin ya kama ruri. Kawu bai zauna ba. Ya sa rigar sanyi ya ɗauki shebur, muka zagaya bayan gida inda fararen bututu biyu na injin suka leƙo daga bango. Ƙanƙara ta yi wa ɗaya gemu, dusar ƙanƙara kuma ta kusa rufe bakin ɗayan. Ya miƙo mini shebur ɗin.