Ƙarnin da ba na kifi ba

A watan Oktoba na kama ɗaki a wani tsohon gida a Leeds, mu huɗu, kicin ɗaya. Sati biyu da tarewata sai wani ƙarni ya fara tashi duk sanda na ɗora tukunya. Abokan zamana ba su ce uffan ba, taga kawai suke buɗewa. Kunya ta ishe ni, don na san Umma ta cusa mini busasshen kifi da daddawa a jaka. Na ƙulle su a leda uku, na haƙura da miyar kuka. Ƙarni bai fasa ba.

Wata Asabar, bayan na sauke tuwo, na kai hannu zan kashe jan makunnin murhun lantarki da ke bango. Zafi rau! Na kai hanci. Ashe daga nan ƙarnin yake fitowa.

Na kira wani ɗan garinmu mai karatun injiniya, na ce ya zo da sukundireba ya ɗaure mini, yadda ake yi a gida. Ya ce, "Ƙanwata, kashe layin daga akwatin wuta, kada ki sake kunnawa. Wannan ba soket ba ne." Ya ce fis ɗin filogi a Ingila bai wuce amp 13 ba, amma murhu mai kai huɗu da wurin gashi layinsa daban ne, galibi amp 32, da waya mai kauri a ɗaure cikin bango. In sukuru ɗaya ya saki, wurin zai yi ta zafi har robar ta soma ƙonewa, ita ce mai ƙarnin kifin. In kuma muka taɓa aka samu matsala, a kanmu za ta ƙare.

Kwana biyu ina cin burodi da shayi, na kasa yi wa mai gida magana. Baƙuwa ce ni da bizar karatu, da ƙyar na samu ɗakin, kuɗin ajiyata na hannunsa, ga shi da kawaici aka raine mu. Sai da na bincika na gane ba alfarma zan roƙa ba. Gyaran wayarin nauyin mai gida ne, kuma dokar 2020 ta wajabta a duba wutar gidan haya a Ingila aƙalla duk shekara 5, a ba ɗan haya kwafin rahoton. In ya ƙi, ana kai ƙara ƙaramar hukuma.

Na tura masa imel, na nemi gyara da rahoton. Bayan kwana biyu ga mai gyara. Da ya kwance makunnin, sai ga waya ta yi baƙi ƙirin, roba ta narke. Ɗakina ne a saman kicin ɗin.

A daren na kaɗa miyar kuka da kifin Umma, na zuba wa kowa. Taga dai sun buɗe, amma sun cinye tas.