Gidan Tarihi a Sifawa

Mu mutanen Lambara Sifawa ba ta yi mana nisa ba, can kusa da Boɗinga inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna. A nan Shehu Usmanu ya yi zamansa yana karantarwa, har ya koma Sakkwato cikin 1815. Na daɗe ina tunanin irin ginin da ya kamata a yi a wurin domin ajiye kayan tarihi.

Waɗansu abokaina sun ce a yi na siminti da kwano da manyan tagogin gilashi. Ni ban yarda ba. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kwano da bazara ya san ba ya iya tsayawa ya karanta shafi guda, balle takardar da ta shekara ɗari biyu ta jure wannan zafi. A yi shi da tubali da azara, kamar Gidan Makama na Kano, bango mai kauri, a shafe da makuba. Ƙofa ta dubi yamma, gama ruwan damina daga gabas yake bugowa. Baƙo ya fara shiga zaure ya tuɓe takalmi, ya taka rairayi mai sanyi, idonsa ya huta daga hasken rana, sa'an nan ya isa ɗakin littattafai, inda zai ji ƙanshin gafaka da tawada.

Abin tsoro ɗaya ne, watau gara. Sai a ɗora akwatuna bisa duwatsu nesa da bango, a sa mai tsaro ya riƙa dubawa kowace safiya, in ba haka ba babu malamin da zai ba da littafin kakansa.