Darussan haɗa kaya: daga Sheffield zuwa Kano da yara uku

Baban yara ya kammala karatunsa a Sheffield, jami'ar da ta turo shi tana jiransa a Kano, bizarmu kuma ta kusa cika. Mun zo Ingila da 'ya ɗaya a goye, za mu koma da uku: babbar mai shekara 6, ƙanenta mai 4, sai auta da bai daɗe da fara tafiya ba. Falonmu yanzu kwali ne a kan kwali, sai ka tsallaka kafin ka kai kicin. Ƙafata ba ta sake taka Kano ba tukuna, amma watannin shirin nan sun riga sun karantar da ni, kuma yawancin karatun da tsada na saye shi.

1. Ke ce za ki koma gida, yaranki ƙaura za su yi. Ranar da muka tsayar da lokacin tafiya na tara su na yi musu albishir, ina jiran tsalle da ihu. Babbar ta yi shiru, can ta ce, "Umma, to wa zai riƙa zama kusa da ƙawata a aji?" Sai hawaye. Na ɓata rai, har na ce mata, "Ke, wajen danginki za a kai ki, kina yi wa mutane kuka?" Da dare na kwanta ina juya maganar. Ni ina da abin ɗoki: ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, cinikin kayan miya a kasuwar Rimi, hira a tsakar gidan kakarsu Hajiya bayan isha'i. Ita fa? Kano a wajenta wasu fuskoki ne a allon waya da ke ɗaga murya suna tambaya ko ta gane su. Duniyarta ita ce gangaren da muke bi zuwa makaranta, da malamar ajinsu, da laburaren unguwa inda take aro littafi da katinta. Daga nan muka canza salo. Muka sa aka riƙa zagayawa da waya a gidan da za mu sauka: ga ɗakinku, ga darbejiyar ƙofar gida, ga akuyar da ta haihu. Tikitin ma muka ɗaga shi zuwa Agusta, tun da makarantun Ingila sai wajen ƙarshen Yuli suke rufe zangon ƙarshe, don ta yi sallama da 'yan ajinsu kamar yadda mu ma muke bin abokan arziki gida-gida muna sallama. A Kano sai Satumba ake fara sabuwar shekarar karatu, ba abin da zai wuce ta.

2. A fara da takarda, akwati ya biyo baya. Ni da kwalaye na fara, don su ne ido ke gani. Ashe babban aikin yana kwance a aljihun durowa. Tun daga 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, in ba ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin ba. Don haka ƙananan biyu fasfon Najeriya ne nasu, shi kuwa ba ya samuwa sai da lambar NIN, ko da jariri ne. Na babbar ma shekara 5 ɗinsa sun cika ba mu lura ba. Haka muka ɗunguma zuwa ofishin jakadancinmu a Landan, tafiyar kusan awa 2 a jirgin ƙasa, da keken jariri da kular dafa-duka. Sai kuma jan littafin nan da ake ba kowane jariri a nan, wanda ke ɗauke da tarihin alluransa da awon nauyinsa. Na auta a ƙarƙashin gado muka tsinto shi, an yi masa zane da alƙalamin kala. Akwai kuma allurar rigakafin cutar shawara, wadda Najeriya ke neman shaidarta ga duk mai shigowa daga ɗan wata 9 zuwa sama. A nan ba kyauta ake yin ta ba, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Sauƙinta ɗaya, tun 2016 sau ɗaya ake yi har ƙarshen rayuwa.

3. Sauro bai san kara ba. Baban yara ya bugi ƙirji a gaban ma'aikaciyar jinya ya ce yara kawai za a ba maganin kariya, shi da zazzaɓi tare suka tashi. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce ɗan juriyar da jikin mutum ke samu saboda yawan cizo gushewa take yi in ya yi shekaru nesa da sauro, kuma masu komawa gida da irin wannan tunanin suna cikin waɗanda ciwon ya fi kayarwa. Na ƙunshe dariyata, don ni ma abin da ke raina ke nan. Yaran kuwa ba su taɓa haɗuwa da shi ba, ga shi za mu sauka tsakiyar damina, lokacin da ake bi gida-gida a Kano ana ba 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata. An auna nauyin kowa aka rubuta masa nasa. Da na gaya wa Hajiya a waya ta ce, "Ku dai ku taho, Allah ne mai tsarewa." Na ce, "Haka ne, Hajiya," sannan na roƙi Yaya ta sa a duba ragar tagogi a ɗaura gidan sauro kafin mu iso.

4. Sikeli ba ya jin magiya. Jaka biyu-biyu aka ba mu, kowace kilo 23, auta kuwa da yake bai kai shekara 2 ba a cinya zai zauna, rabonsa kaɗan ne. Sauran kaya sai ta ruwa, su sauka Legas, sannan a ɗora su a mota zuwa Kano, kuma duk ranar da mai dakon ya ce za su iso, ki ƙara wata guda a kai don zaman lafiyar zuciyarki. Mota mun sayar, don sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, irin waɗannan motocin ba a yarda a shigo da su ba. Kayan wuta suna da sauƙi tun da filoginmu da nasu iri ɗaya ne, amma na daɗe tsaye a gaban injin busar da tufafi kafin na tuna ƙasar da za ni rana ce ke wannan aikin kyauta. Manyan rigunan sanyi muka kai shagon sadaka, muka bar wa kowa ɗaya saboda hunturu.

Inda na yi ɓarna shi ne kayan wasa. Na jira suka yi barci na cika buhu biyu na fitar, ina ganin na yi dabara. Da safe ɗan tsakiyan ya nemi wata tsohuwar bas ja wadda tayarta ɗaya ta cire, ya rasa. Kukan da ya yi ba na mota ba ne, na wanda ya gane ana iya kwashe masa duniya yana barci ne, kuma uwarsa ce za ta kwashe. Dole na koma shagon sadakar na sayi bas ɗin da hannuna ya bayar, mai shagon tana murmushi. Tun daga ranar muka kafa doka: kowa yana da 'yar jakar baya guda, abin da ya zuba a ciki nasa ne, ba mai tambayarsa dalili. A tasa akwai bas ɗin, da duwatsu uku daga filin wasa, da hular sanyin da ta yi masa kaɗan.

5. Gadon yara shi ne na ƙarshen fita. Mai saye ya zo da kuɗi a hannu, na bayar da gadajensu saura makonni mu tashi. Suka koma katifa a ƙasa, barci ya rikice, fitsarin kwancen da muka daɗe da rabuwa da shi ya dawo. Yaro yana jure kwalaye a falo muddin ɗakinsa da lokacin barcinsa suna nan yadda ya san su. Da aka ɗaga gadajen kuma sai ga zanen da suka shekara suna yi a bango. Kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa yakan kai hayar mako 5, don haka Baban yara, da digirinsa sabo fil, ya wuni a durƙushe da gwangwanin fenti.

6. Tsaraba ba ta da ƙasa, sai kin yi mata. Tun da labarin dawowarmu ya fita WhatsApp ɗina ya cika da lambar takalmi da hoton turare. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, duk wanda ya ji an ce fam sai ya buga lissafi ya ɗauka a ƙasa muke tsinta, ba ya lissafa haya da kuɗin ɗumama ɗaki da kuɗin reno. Na so in yi fushi, sai na tuna lokacin da Yaya za ta Umra har da kalar abaya na aika mata. Ni da Baban yara mun yi 'yar tsama a kan jerin sunaye, don nasa dangin har da abokan wasan ƙasa. A ƙarshe muka tsaya a kan iyaye da gwaggonni da kawunnai, kowa abu ɗaya mai kyau. Sauran jama'a cakulan da fatan alheri. Za a yi gunaguni, na sani. Ko kwantena muka kawo za a yi.

7. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na bari sai da tikiti ya fito. Yarana suna jin Hausa sarai, amma da Turanci suke mayar da amsa, ni kuma don gajiya na riƙa biye musu ina cewa in mun koma za su iya. Yanzu kullum bayan magariba makaranta muke buɗewa a tsakiyar kwalaye: yadda ake durƙusawa a gaida babba, karɓar abu da hannun dama, ba a kiran babba da sunansa gatsal. Babbar ta ce malamarsu ta koya musu in ana magana da mutum a dube shi cikin ido, me ya sa ni nake cewa ta sunkuyar da kai? Ban iya ce mata malamar ta yi kuskure ba, na ce kowane gida da irin ladabinsa, kuma mai wayo shi ke riƙe duka biyun. Na kuma shirya ɗan tsakiyan cewa Hajiya za ta kira shi maigidanta, ta tambaye shi kuɗin cefane, wasan kaka da jika ne. Ya zaro ido ya ce shi ba zai auri Hajiya ba, ta tsufa. Aka gaya mata a waya, ta yi dariya har da tari, ta ce a faɗa masa ita ma ba ta son miji marar Hausa.

Wannan dariyar ta kaka ce, ba ta ciwo. Wadda nake tsoro ita ce ta sauran jama'a, wadda ke sa yaro ya kulle bakinsa ya daina gwadawa. Don haka ku 'yan'uwa da ke gida, in yaran nan sun iso kuka ji sun ce "ina kwana" da yamma, ku amsa musu da "lafiya lau" tukuna, gyaran ya biyo baya. Kada a yi musu laƙabi da 'yan Turai, kada a tara yara a sa su magana don a yi nishaɗi. Ku ba su damina ɗaya da rani ɗaya kafin ku yanke musu hukunci.