Koya Wa Yara Siffanta Mutum

'Yar'uwa, in ɗanki ya rubuta "wani mugun mutum" cikin labarinsa, kada ki ƙyale shi. Tambaye shi, yaya tafiyarsa? Me ke hannunsa?

Ni nawa yaran, ran kasuwar Tsamiya nakan ce su zuba ido: ga Bafilatanar Ka'oje da ƙwaryar nono, ga masuncin Lolo rigarsa na ƙarnin kifi, ga baƙon Benin yana lissafi da sefa. Da dare kowa ya siffanta ɗaya, saura su canka. Amma na hana ba'a.

Dubi Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja. Tun 1934 ba a manta shi ba, don Abubakar Imam ya nuna halinsa a aikace. Yaron da ya iya duban mutum, da wuya a cuce shi.