Wayar Tarko Ta Zama Abin Ado

'Yan'uwana mata, yau ga labari daga nesa, amma na ga ya shafe mu.

A kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe akwai inda Kogin Zambezi yake faɗowa daga kan dutse, faɗinsa ya fi mil ɗaya, zurfinsa ƙafa 355. Mutanen wurin suna kiransa Mosi-oa-Tunya, watau hayaƙi mai tsawa. Baturen nan Libingiston ya gan shi a 1855, ya sa masa sunan Sarauniya Biktoriya. Baƙi daga ko'ina suna zuwa kallo, daga nan su zarce dajin Hwange su ga namun daji.

To, abin da baƙo ba ya gani shi ne tarko. Talauci yakan sa waɗansu su ɗana waya a daji don su kama barewa ko gada. Waya kuwa ba ta zaɓe. Takan shaƙe kyarkeci, karen dajin nan mai dabbare-dabbare, wanda waɗanda suka rage a Afirka duka ba su kai 7,000 ba.

Wata ƙungiya mai suna Painted Dog Conservation tana aika ma'aikata su bi daji suna kwance tarkunan. To, ina za a kai wayar? In an zubar, gobe wani ya tsinta ya sāke ɗanawa. Sai aka buɗe ɗakin sana'a mai suna Iganyana a garin Dete, kusa da dajin. Can mata da maza suke lanƙwasa ta, su fitar da siffar dabbobi, su sayar wa baƙi.

Ina da ɗan kyarkeci guda irin wannan, tsarabar wata 'yar'uwa. Bai kai tafin hannu ba, kuma har yanzu da tsatsa a jikinsa. Ku duba fa, wayar da aka ɗana don kisa ita ce ta zama siffar abin da za ta kashe, ta kuma sa tukunya a wuta a gidan wata mace. Ba kuwa za ta ƙara komawa daji ba.

Wannan hikima ba baƙuwarmu ba ce. Maƙeranmu sun daɗe suna yin aci-balbal da gwangwani, 'ya'yanmu suna ƙera motar waya. Amma ku je Gurara ranar hutu, ku ga leda da robar ruwa da masu kallo suke bari a bakin ruwa. Ledar nan in akuya ta ci, tana iya kashe ta. Ita ce kuma, in an wanke an yanka, ake saƙa jaka da tabarma.

Saboda haka, Uwargida, in kin je kallon ruwa da yara, ki tafi da buhu. Ku tsince, ku dawo da shi gida, ki koya wa 'yarki saƙa. Wassalam.