Likita da Gonar Alkama

Lardin Saskatchewan yana yammacin ƙasar Kanada. Kudancinsa fili ne shimfiɗaɗɗe, iyakar ganin ido alkama ce, kuma da hunturu dusar ƙanƙara kan toshe hanyoyi kwana da kwanaki. A wani ƙauye na wannan lardi aka yi wata manomiya wadda ta shiga sahun masu adawa da dokar inshorar lafiya ta 1961, alhali mijinta na cikin masu goyon bayanta. A kwano ɗaya suke cin abinci, amma a kan wannan batu kowa da inda ya fuskanta.

Dokar ta tanadi cewa gwamnati ce za ta riƙa biyan kuɗin ganin likita daga haraji da ɗan abin da kowane gida zai bayar a shekara. Gwamnatin Tommy Douglas ce ta kawo ta, Woodrow Lloyd wanda ya gaje shi ya aiwatar. Ƙungiyar likitoci ta ce sam, wannan hanya ce ta mayar da su ma'aikatan gwamnati, wasunsu ma suka yi barazanar barin lardin. Wannan barazana ita ta hana baiwar Allahn nan barci. Tana da juna biyu, likita ɗaya tak gare su a ƙauyen, kuma shi ya karɓi haihuwar 'ya'yanta biyu na farko.

Wani dare ta ce wa mijinta, "Maigida, in mutumin nan ya tattara ya tafi, wa zai keto ƙanƙara ya zo mana? Waɗanda suka rubuta dokar a Regina suna da asibiti a ƙofar gida."

Ya ce, "Haba uwar yara, kin manta shekarun fari? Da kaji mahaifina ya biya likita, ranar da kajin suka ƙare kuwa sai ya daina kiransa."

Hujjar mijin daga gona ta fito. Manoman yankin sun daɗe da gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da 'yan kasuwa suka matsa musu da karyar da farashi, sai suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta sayar da alkama, wadda ta fara aiki a 1924. Tun kafin nan, a 1915, ƙaramar hukumar Sarnia ta yanke wa likitanta dala 1,500 a shekara daga harajin manoma don kada ya bar su. Bayan fari da karyewar tattalin arziki na shekarun 1930, yankin Swift Current ya gwada inshorar lafiya ta kowa da kowa a 1946, sannan a 1947 lardin ya soma biyan kuɗin kwanciya asibiti. A ganinsa, sabuwar dokar ci gaban abin da kakanninsu suka faro ce, da tsohuwar zuma kuwa ake magani.

Ita ma hujjarta daga gona ta fito. Abin da manoma suka gina da hannunsu, su ke da ta cewa a kansa. Sun san likitan, sun san wanda ke karɓar harajin. Idan ragama ta koma birni, wata rana wani mai alƙalami zai duba lissafi ya ce ƙauyensu bai cancanci likita ba.

Ranar 1 ga Yuli, 1962 dokar ta fara aiki, mafi yawan likitoci suka rufe ɗakunan duba marasa lafiya, aka bar taimakon gaggawa a wasu asibitoci kawai. Gwamnati ta ɗauko likitoci daga Ingila da wasu wurare. Ranar 11 ga wata matar ta bi mota zuwa Regina, ta tsaya da tsohon ciki gaban majalisa cikin masu kiran a bar musu likitocinsu. Taron bai kai yadda aka zata ba, daga nan gwiwar masu adawa ta fara sanyi. Ranar 23 ga Yuli aka sulhunta a Saskatoon, da taimakon Lord Taylor, wani likita daga Ingila. Gwamnati ta riƙe dokarta, likitoci kuma suka riƙe 'yancin gudanar da aikinsu da zaɓen hanyar karɓar kuɗinsu.

Likitan ƙauyen bai tafi ba. Ta haihu lafiya bayan girbi, ba a sayar da ko buhu ɗaya don biyansa ba. Gani ya kori ji. Ta yarda mijinta ya yi gaskiya. Jam'iyyar adawa da ta karɓi mulki a 1964 ba ta soke tsarin ba, a 1966 kuma gwamnatin tarayya ta yi dokar da ta yaɗa shi a ƙasar baki ɗaya.

Sai dai lokaci ya nuna cewa tsoronta ma ba na banza ba ne, illa dai ta wata ƙofa abin ya shigo. Manyan injuna suka yawaita, mai ƙarfi ya saye gonar maƙwabcinsa, matasa suka kwarara birni. Gonakin lardin da suka haura 138,000 a 1941 sun koma kusan 34,000 a 2021. Ƙungiyar alkamar ma ta rikiɗe kamfani, a 2007 ta zama Viterra. A 1993 gwamnatin lardin, bisa dalilin bashi, ta janye kuɗin kwantar da marasa lafiya daga ƙananan asibitocin karkara 52, har da na ƙauyen wannan mata. Ganin likita yana nan kyauta, amma sai an yi doguwar tafiya kafin a gan shi.

A lokacin ta haura shekara sittin, mijinta ya rasu. Ba ta ce wa kowa ai ta faɗa ba. Abin da takan gaya wa jikokinta shi ne, doka na iya biyan likita, amma mutane ne ke zaunar da shi, mutanen karkara kuwa gona ce ke zaunar da su. Da wani attajiri ya zo taya gonarta, sai ta ƙi sayarwa. Ta ba wani saurayi ɗan ƙauyen haya a farashi mai sauƙi, bisa sharaɗi ɗaya: ya zauna a nan shi da iyalinsa.