Daƙiƙa Biyar Bayan An Kashe Inji

A daren wata Laraba cikin watan Maris na 2022, mutum-mutumin da yaranmu suka kwashe makonni suna haɗawa ya suɓuce daga sandar ƙarfe, ya faɗo ƙasa tim! Saura kwana biyu a fara gasa. Mu iyaye huɗu da muke taya su aiki a makarantarsu, a jihar Michigan ta Amurka, muka tsaya cirko-cirko, kowa na jiran wani ya fara magana.

Gasar ita ce FIRST Robotics, wadda aka soma a 1992 don ɗaliban sakandare. A farkon kowane Janairu ake bayyana sabon wasa. Na waccan shekarar, Rapid React, da hawa yake ƙarewa: sanduna huɗu a jere, kowace ta fi ta bayanta tsawo. Wanda ya rataye a ta farko ya sami maki 4, ta biyu 6, ta uku 10, ta ƙarshe kuwa, mai nisan santimita 231 daga ƙasa, maki 15. Abin da zai yi wannan lilo an yarda nauyinsa ya kai kusan kilo 57, ban da batir da bamba.

Namu ya iya hawa, ba a nan gizo ke saƙar ba. A gasar 2022, da minti biyu da rabi na wasa sun cika, ana kashe injinan kowane mutum-mutumi, alƙalai kuma ba sa ƙirga makin hawa sai bayan daƙiƙa biyar. Mu kuwa duk gwajin da muka yi, yaron da ke tuƙi yana danne da maɓalli har a sauko da shi. Ashe ƙarfin inji ne kaɗai ke riƙe da nauyin. Ranar da muka kwaikwayi ƙarshen wasa na gaske, igiyar da ke jan hannuwansa ta fara warwarewa, hannu ɗaya ya riga ɗaya saki, jikin ya karkace, ƙugiya ta zame.

Da muka buɗe cikinsa, sai muka ga ƙasa ba ta yi masa wani mugun lahani ba, ƙarfen gefe ne kawai ya ɗan lanƙwashe. Ɓarnar daga cikin gida ta fito. Batirin, mai nauyin kusan kilo 6, da siririn maɗauri ɗaya muka ɗaure shi. Ya ƙwace, ya fizge wayarsa, ya daki roboRIO, 'yar kwamfutar da ke ba kowane sashe umarni. Ba mu da wata, kuɗin ƙungiya kuma sun ƙare tun Fabrairu. Wata makarantar da za mu kara da ita ce ta ba mu aron tata washegari, ba tare da ta tambayi komai ba.

Maganin igiyar ya ba mu kunya saboda arharsa. Sifana ce, irin mai juyawa gefe ɗaya kawai, ɗayanmu ya ɗauko daga but ɗin motarsa. Muka ɗaure ta a kan sandar da igiya ke naɗuwa: ta bari a ja sama, ta hana a koma ƙasa, da wuta ko babu. Ƙugiyoyin muka sake yanka su da zurfin baki. Batir kuwa goyo muka yi masa, akwati daidai jikinsa da maɗauri biyu a gicciye, sannan yara suka kifa mutum-mutumin suka girgiza, bai motsa ba. Kwamfutar aro muka mayar tsakiya, nesa da gefe, muka rufe ta da faifan roba mai tauri. Murfin ya yi wani amfanin ma, domin ɓurɓushin ƙarfe da ke zuba idan ana huda yakan shiga ramukan waya ya haɗa wuta. Kowace waya muka bar mata ɗan sassauci, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna fizga. Wani cikinmu ya so a cusa soso ko'ina. Ba mu yarda ba. Soso ba ya riƙe abin da ba a ɗaure ba, sai dai ya tara zafi.

Sai can wajen ƙarfe goma wata uwa ta tambayi abin da ya kamata mu fara tambaya: ina yaran suke tsaye lokacin da ya faɗo? Aka yi shiru. Minti ɗaya kafin nan wata yarinya 'yar shekara 15 tana durƙushe a daidai wurin, tana leƙen ƙugiya. Muka ja layi da salatif a ƙasa, ba mai tsallakawa muddin yana rataye.

Yaran sun so maki 15. An yi gardama, har da hawaye. Muka tsaya a sanda ta uku, don kwamfutar ba tamu ba ce.

Ranar Asabar da ƙararrawa ta buga, muka ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Yana nan yana lilo a hankali. Mai sifanar har yau bai karɓi abarsa ba.